Ƙofar Baƙi

Shekara goma sha ɗaya ke nan Malama tana koyar da tarihi a sakandaren unguwarsu, kuma a kowace shekara akwai mako guda da take fatan zazzaɓi ya kwantar da ita har ya wuce. Zazzaɓin bai taɓa yi mata wannan alfarma ba. Garau take tashi, ta saɓa jaka, ta shiga aji ta ce a buɗe shafi na tamanin da huɗu.

A shafin akwai hoton wata ƙaramar ƙofar ƙarfe da ke bayan tsohuwar masaƙar garin, wadda yanzu ta koma wurin ajiyar siminti. A saman ƙofar an kafa allon katako, an rubuta da manyan haruffa: ƘOFAR BAƘI. A ƙarƙashin hoton sakin layi biyu ne kacal a kan yadda ma'aikatan masaƙar suka yi zaman kwana ashirin da uku har aka cire allon. Wanda ya rubuta littafin, da alama, an zuba masa abinci yana hucewa.

Gajartar bayanin ba ta dame ta ba, tana da abin ƙarawa daga kanta. Rubutun allon ne ke hana ta sakat, domin hannun babanta ne. Mai Fenti ake ce masa, shi ya rubuta allunan rabin shagunan garin a zamaninsa, kuma yana da wata irin Ƙ tasa shi kaɗai, wadda yake lanƙwasa kanta ya mayar ciki kamar ƙugiya. Ranar farko da Malama ta ga hoton, tana kwalejin horon malamai, sai da ta rufe littafin ta fita shan iska. Ba ta buƙaci kowa ya gaya mata ba. Shi ya kama hannunta ya koya mata rubutu, irin Ƙ ɗin nan ce ita ma take yi har gobe.

Ba ta taɓa tambayarsa ba, shi kuma bai taɓa ɗauko zancen ba. A makaranta kuwa an san ta da tsauri. Ita ce mai cewa tarihi ba ya rufa wa kowa asiri, yaran har kwaikwayon muryarta suke yi a bayan idonta. Abin da take tsoro a duniya shi ne ranar da za su gane cewa mai wannan faɗar tana da nata asirin da ta shekara goma sha ɗaya tana zaune a kai.

Ranar Litinin ta rubuta kalmomin biyu a allon aji. Sai da ta danne hannunta ta miƙar da Ƙ ɗin kamar ta injin buga littafi, sannan ta juyo tana karkaɗe alli.

"Wa zai gaya mana abin da ya gani a hoton?"

Wanda 'yan ajin ke kira Sarkin Tambaya ya riga kowa ɗaga hannu. Shi ko lokaci aka gaya masa, sai ya tambayi wa ya gyara agogon.

"Malama, ni fa ban ga abin tayar da jijiyar wuya ba. Mutane sun yi wa baƙi ƙofarsu ta musamman. A gidanmu in baƙo ya zo, har kofin cikin kabad ake ciro masa, wanda mu ko kallonsa muka yi sai an daka mana tsawa. Don an karrama mutum kuma sai ya yi zaman dirshan?"

Ajin ya ɗauki dariya, wasu na gyaɗa kai. Wannan ne kaɗai wurin da Malama ke jin daɗinsa a duk makon, domin kowace shekara sai an sami wanda ya faɗa wannan ramin, ita kuma tana tsaye a bakinsa tana jira.

"Karanta mana da ƙarfi," in ji ta.

Ya karanta, ya ja kalmar yadda ake faɗa in an ji sallama a ƙofar gida.

"Madalla. Yanzu kada ka ja. Dubi takalminka, ka gaya mana launinsa."

Ya sunkuya ya duba. "Baƙi," ya ce. Ya dubi bayan hannunsa. Dariyar ajin ta mutu ita kaɗai ba tare da an tsawata ba.

"Baki yana raba su," in ji Malama, "amma alƙalami ba ya rabawa. A rubuce kalma ɗaya ce."

Ta yi musu bayanin yadda abin yake. Babbar ƙofar masaƙar tana bakin titi, da inuwa da shuke-shuke, ita masu masaƙar da 'yan ofis ke bi, dukkansu fararen fata. Duk mai baƙar fata, ko shekara ashirin ya yi yana aiki, sai ya zagaya baya, ya bi gefen kwatar da ruwan rini ke fita, ya sunkuya ya shiga ta ƙaramar ƙofa, a caje shi shiga a caje shi fita. Tana cikin magana wata yarinya ta miƙe ba tare da ɗaga hannu ba. Ƙaramar Lauya ce, wadda ba a taɓa kayar da ita a gardama ba sai dai a buga ƙararrawa.

"Malama, kakata tana cikin waɗanda suka zauna. A sashen zare take. Na gaya wa shugaban makaranta, ya ce zai yi miki magana."

Malama ba ta bari fuskarta ta nuna komai ba. Ta ce da kyau, a juya shafi.

Shugaban makarantar sabo ne, ɗan gajeren mutum mai son duk abin da aka kira sabon tsari. Ya tare ta a baranda yana murza hannu. Ya ce ma'aikatar ilimi tana so yara su riƙa jin tarihi daga bakin waɗanda suka gani da ido, ga shi Allah ya kawo musu har gida. Ya riga ya aika wa tsohuwar, ta amsa, ranar Alhamis za ta zo.

"Ni ma zan shigo in zauna a baya," ya ce. "Ke dai kin yi sa'a, Malama."

"Ƙwarai kuwa, ranka ya daɗe," in ji ta.

Ranar Laraba da aka tashi ta biya ta wurin babanta. Yana zaune a ɗakin da ke bayan tsohon shagonsa, wanda yanzu mai gyaran waya ke ciki. Shekara tara rabonsa da aiki, hannu ya fara rawa, amma har yau ɗakin warin fenti da kananzir yake yi. Burusansa na jere a cikin gwangwani, manya a baya, ƙanana a gaba, yana wanke su duk mako kamar gobe za a kira shi.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa ta ci, "yau kuma wane yaro ne ya ɓata miki rai? Fuskar nan taki ko madara aka nuna mata sai ta tsinke."

"Gajiya ce kawai, Baba."

Ta share ɗakin, ta canza masa ruwan randa, ta ƙirga ƙwayoyin maganinsa ta ga ya tsallake na kwana biyu, ta yi faɗa, ya ce likitan ne bai iya rubutu ba. Sau biyu tana buɗe baki ta ɗauko zancen allon. Na farko ta ɓige da tambayar ƙafarsa, na biyu ta ce za a yi ruwa. Da ta ɗauki jaka ya bi ta da kallo.

"Kin zo da magana a baki, kin haɗiye abarki."

"Ba komai, Baba."

"To, Allah ya sa ta narke lafiya."

Ranar Alhamis tsohuwar ta iso ƙarfe goma daidai, jikarta na riƙe da jakarta. Doguwa ce, ta sha ado kamar mai zuwa ɗaukar hoto, tana dogara sanda amma ba ta yarda a kama ta ba. A masaƙa Uwar Zare ake ce mata, yaran kuwa nan take suka mayar da ita Kaka. Shugaban makaranta ya sa an kawo mata kujerar ofishinsa mai juyawa. Ta dube ta sama da ƙasa ta ce ita ba ta hau abin da zai wulwula ta ba, a ba ta benci.

Da ta zauna ta ɗaga kai ta ga rubutun da Malama ta sake yi a allo. Ta daɗe tana kallo.

"Ba haka Ƙ ɗin take ba," ta ce. "Waccan tana da lanƙwasa. Shekara shida ina wucewa ta ƙarƙashinta, ko a mafarki na san ta."

Malama ta koma jikin taga ta tsaya.

Kaka ba ta yi doguwar gaisuwa ba. Ta ce tun da daɗewa suke kai ƙara, har wata rana aka turo wani jami'i daga ofishin ƙwadago. Manajan masaƙar, da yake shi ma ba wawa ba ne, ya amsa a rubuce cewa su ba su san wani bambancin fata ba. Ƙofar ta baƙi ce, masu ziyara, kowa ya iya karatu ya gani. Jami'in ya sha shayi ya tafi. Don a ƙara musu haushi, aka manna wasiƙar a allon sanarwa.

"A sashenmu mutum ɗaya ce ta iya karatu sosai. Ta karanta mana lokacin hutun rana. Sai wata ta ce, to in mu baƙi ne, uban me muke yi da tsintsiya da zare a gidan mutane? Baƙo yana aiki ne?"

"Wace ce ta faɗa, Kaka?" in ji wata daga baya.

"Mu bakwai ne a wurin, kuma kowace ta mutu tana cewa ita ce. Saura ni kaɗai, don haka yanzu ni ce."

Har shugaban makaranta sai da ya yi dariya. Kaka ta jira suka lafa, ta ci gaba. A dokar masaƙar, duk baƙon da ya zo sai a rubuta sunansa a littafi, a ba shi wurin zama da ruwan sha, ya jira har manaja ya gan shi. Ranar Litinin suka zo su ɗari huɗu da wani abu, maza da mata, kowa da kayansa mafi kyau. Ba wanda ya ɗauko rigar aiki. Suka yi layi a ƙaramar ƙofa, suka yi wa mai gadi sallama ɗaya bayan ɗaya.

"Mai gadin namu ne, ya kuma gane karatun. Sai ya gyara tabarau, ya buɗe littafi, ya ce, baiwar Allah daga ina? Alhali gidanmu na kallon nasa. In ce na zo ganin manaja. Ya ce manaja yana da aiki, sai dai ki jira. In ce ba komai, ba sauri nake ba. Kafin ƙarfe goma littafin ya cika, ya aika ofis a ba shi wani."

Yaran suka kwashe da dariya, Sarkin Tambaya har da buga tebur.

"Ku yi dariya," in ji Kaka. "Mu ma mun yi, ta kwana uku. Rana ta huɗu aka rufe famfo."

Daga nan muryarta ba ta sake hawa ko sauka ba, kamar mai karanta jerin kayan wanki. Da aka rufe famfo, matan unguwa suka riƙa kawo ruwa a kai tun daga rijiyar bayan makarantar nan. Kafintoci suka kawo benci. Aka tara yaran masu zama a tsakar gida guda, tsofaffi huɗu na kula da su. Masu shaguna suka riƙa aiko abin da za a dafa, ba wanda ya tambayi na wane ne. A mako na biyu waɗanda ba su taɓa aiki a masaƙar ba su ma suka fara zuwa ganin manaja, teloli da direbobi da wani mai aski da ya zo da kujerarsa. 'Yan sanda suka zo, babbansu ya tambayi laifin da aka yi, aka nuna masa wasiƙar manaja, ya karanta ya sosa ƙeya ya tafi. Rana ta sha biyu aka turo waɗansu masu kulake da ba su tsaya karatu ba.

"Ƙanena tun ranar kunnensa na hagu bai sake ji ba. Washegari muka dawo, muka sake sallama."

Ƙaramar Lauya ta ɗaga littafin ta nuna wani ƙaramin hoto a gefen shafi, na wani mutum mai hula da jaka. "Kaka, a nan an ce wannan ne ya jagoranta."

Tsohuwar ta matso da littafin kusa da hancinta. "Allah ya ji ƙansa, ya iya magana. Sai rana ta tara ya zo, tare da mai ɗaukar hoto."

Ta ce a rana ta ashirin da uku aka cire allon, aka buɗe babbar ƙofa ga kowa. Bayan ƙura ta lafa aka bi mutum goma sha huɗu aka sallama ɗaya bayan ɗaya, kowa da laifin da aka nemo masa. Ita an ce zarenta yana yawan tsinkewa.

"Ƙofar da na yi wa zaman kwana ashirin da uku, sau goma sha ɗaya na bi ta. Amma 'yata ta bi ta shekara goma sha takwas, ba ta ma san akwai wata a baya ba."

Malama ta dubi agogo ta ga saura minti bakwai, har ta fara jin numfashinta na dawowa. Sai ga hannun Sarkin Tambaya a sama.

"Kaka, ni abin da ban gane ba, wa ya rubuta musu allon? Su dai na san ba su iya Ƙ ba."

Kaka ta juyo ta dubi Malama, kallo ɗaya gajere, sannan ta mayar da ido kan sandarta.

"Tsufa, ɗan nan," ta ce. "Na manta."

Matar da ta tuna ranar da aka rufe famfo da kujerar mai aski ita ce wai ta manta. Malama ta gane sarai abin da aka yi mata. An lulluɓe ta ne, yadda ake jefa zane a kan yaron da ya jiƙa shimfiɗa don kada 'yan'uwansa su gani. Ta daɗe tana tsoron tonon asiri, ba ta taɓa zaton rufin asirin zai fi ciwo ba. Kunya ta kama ta har cikin ƙashi, ta wannan tsohuwa da aka kora daga aiki amma ga ta tana tausaya wa 'yar wanda ya rubuta allon.

Ta bar jikin taga, ta ɗauki dasta ta goge Ƙ ɗin farko. Ta saki hannunta ta rubuta yadda ta saba, kan harafin ya lanƙwashe ya koma ciki. Ta goge ta biyu ita ma ta sake.

"Ku dubi hoton, ku dubi allo," ta ce. Ta ji shafuka na motsi. "Babana ne ya rubuta. Shi ya koya mini rubutu. Na sani tun kafin in fara koyar da ku, ban taɓa gaya wa wani aji ba."

Shugaban makaranta ya shiga gyaran agogon hannunsa. Ƙaramar Lauya ta kafe ta da ido.

"Na san ki tun kina goye, 'yar nan," in ji Kaka. "Yana nan da rai?"

"Yana nan, Inna."

"To tunda kin buɗe da kanki, ina da saƙo. Akawun ofis ya rantse mana cewa takardar da manaja ya ba Mai Fenti, ƙofar baƙaƙen fata aka rubuta a ciki, ɓaro-ɓaro. Da haka ya rubuta, da manaja bai sami ƙaryar da zai yi wa jami'i ba, mu kuma da ba mu sami abin kamawa ba. Sai ga allo ya fito da baƙi. Rabinmu suka ce da gangan ya yi, ya bar mana kafa. Rabi suka ce ɗan kwangila ne kawai, an ba shi aiki ya yi. Shekara hamsin da biyu ban zage shi ba, ban kuma gaishe shi ba, don ban san wanne ya cancanta ba. Ki tambayar mini shi. Ina so in sani kafin in tafi."

Aka buga ƙararrawa, ba wanda ya motsa.

"Gobe za ki gaya mana, Malama?" in ji Ƙaramar Lauya. Muryarta ba ta gardama ba ce.

"Gobe," in ji Malama.

Da aka tashi makaranta ba ta jira mota ba, da ƙafa ta tafi, tana sauri kamar yarinya. Wani abu ne ya shige ta wanda ba ta taɓa ba shi wuri ba, wato sa rai. Ashe akwai yiwuwar duk shekarun nan kunyar banza take ji. Tun a hanya ta fara shirya yadda za ta faɗa wa ajin, har ta hango fuskar Sarkin Tambaya.

Ta tarar da tsohon a bakin ƙofa yana shan iskar yamma, gwangwanin burusai a gabansa. Ko jaka ba ta ajiye ba ta durƙusa.

"Baba, allon masaƙa."

Hannunsa ya tsaya a kan burushin da yake murzawa. "Ashe ba ta narke ba," ya ce.

Ta gaya masa komai, da zuwan Uwar Zare, da abin da ta faɗa a gaban aji, da saƙon. Ya saurara bai katse ta ba.

"Gaskiya ne abin da akawu ya ce? Baƙaƙen fata aka rubuta a takardar?"

"Gaskiya ne."

"Kai kuma ka canza."

"Na canza."

Ta ji hawaye na taruwa, na daɗi. Shi kuwa ya mayar da burushin cikin gwangwani, ya daidaita shi da 'yan'uwansa.

"Allon ne gajere, Uwata."

"Ban gane ba."

"Kafintansu ya yanko katako kamu biyu da rabi. Na auna da zare, na ga in zan sa baƙaƙen fata sai na ƙanƙance haruffan. Ni kuwa lokacin ina da shekara ashirin da huɗu, ina taƙama ana karanta rubutuna daga tsallaken titi. Sai na rage kalmar don haruffan su fito manya. Shi ke nan. Ban yi tunanin kowa ba. Ƙ ɗin nan biyu sai da na ja da baya na kalle su, na ji daɗin yadda suka zauna. Na saɓa allon na kai musu, ta wannan ƙofar na shiga, aka caje ni."

Malama ta zauna daɓas a kan dakali.

"Ban san kalmar tana da fuska biyu a rubuce ba sai ranar da na ga mata sun wuce da ado," ya ce. "Kwana ashirin da uku ina cikin shagon nan, ƙofa a saye. Uwar da kika ci sunanta tana cikin masu kai ruwa. Ta nan take wucewa da tulu, ba ta ko waiwayowa."

A shago mai gyaran waya yana gwada wata ƙara, yana kunnawa yana kashewa. Haushi take ji, na tsohon, da na kafintan da ba ta sani ba, da na kanta da ta yi gudu a titi. Tana kuma son sa, yadda yake zaune da hannuwansa masu rawa a kan gwiwa.

"Baba," ta ce a hankali, "ba wanda ya san wannan sai kai. Rabinsu ma sun riga sun yarda da gangan ka yi. In na ce musu haka ne, tsohuwar nan za ta zo har nan ta gaishe ka."

"Yara nawa ne a ajin naki?"

"Arba'in da shida."

"Za ki yi wa yara arba'in da shida ƙarya saboda tsoho ɗaya ya sami gaisuwa?" Ya girgiza kai. "Matan nan su suka ga abin da ke cikin kalmar, ni da na rubuta ban gani ba. Dabarar tasu ce, da yunwarsu da dukan da suka sha. In kika ce ni na bar musu kafa, kin ƙwace musu kin ba ni. Na yi musu allo sau ɗaya, ba zan kuma yi musu sata ba. Ki faɗa yadda na faɗa miki, kada ki ƙara mini ko baƙi ɗaya."

Malama ta share fuska da gefen mayafinta. Ta buɗe jaka ta ciro littafin da take shirya darasi a ciki, ta nemi shafin da ba rubutu, ta cire murfin biro.

"Sake faɗa daga farko, Baba. A hankali."

Ya gyara zama, ya fara da tsawon allon.